Littafi Na Bakwai Da Najwa Ta Goge

Akwai wata budurwa a garin Mai Wurno na ƙasar Sudan mai suna Najwa Salih. Ta karanta ilimin kula da ɗakin karatu a Khartum, ta dawo gida a shekarar 2009, aka ɗauke ta aiki a wata ƙaramar maktaba da mutanen gari suka gina da kansu.

A shekarar ne aka kawo wa maktabar kwamfuta. Aikin Najwa shi ne ta kwashe sunayen littattafai daga katuna ta zuba a ciki, ta kuma daidaita su. Kowane marubuci suna ɗaya, kowace silsilar littattafai take ɗaya, don mai nema ya same su wuri guda.

Kafin ita, wani dattijo ne mai suna Malam Bilyaminu yake riƙe da katunan. Shekara talatin yana rubuta su da hannu. Bai yi jami'a ba, kuma Najwa ba ta bari ya manta da hakan ba.

Wata rana ta iso kan wata silsila mai suna "Labarin Masu Hijira". Wani malamin makaranta ne, marigayi Malam Mahmudu, ya bi gida-gida yana tambayar tsofaffi yadda kakanninsu suka baro Sakkwato har suka zauna a bakin kogi. Kwafi kaɗan aka buga, kuma na maktabar ne kaɗai suka rage.

Najwa ta ga katunan sun zo bibbiyu. Na ɗaya sau biyu, na biyu sau biyu, haka har na tara. Take ɗaya, marubuci ɗaya, bango shuɗi iri ɗaya.

Malam Bilyaminu ya matso ya ce, "Ɗiyata, wanga wuri ki bi shi sannu. Silsila biyu ce."

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Baba, na'ura ta nuna maimaici ne. Wannan aikin shi na karanta shekara huɗu."

Dattijon ya buɗe baki zai ƙara, sai ya ga yadda take kallon agogo. Ya fasa. Ƙarshen watan ya ajiye aiki, ya koma gonarsa ta albasa.

Najwa ta haɗe silsilar ta zama ɗaya, ta goge guda tara. Littattafan da ta kira maimaici ta zuba su a kwali tare da wasu tsofaffin littattafai, aka raba wa makarantun ƙauye.

Bayan wata bakwai, da damina, wata tsohuwa mai suna Hajja Ruqayya ta sauka daga motar garinsu, Suki. Ta zauna tana haki, ta ce jikarta ta samu gurbi a jami'a, amma takardar jinsiyya, wato shaidar ɗan ƙasa, ta tsaya. An ce su kawo abin da zai ƙarfafa maganar shaidu cewa kakansu ya daɗe a ƙasar, kuma saura kwana biyar a rufe rajista.

Ta ce, "Malam Mahmudu ya rubuta labarin babana a littafi na bakwai. Ina zaune ya rubuta. Har da shekarar da aka ba shi gona."

Najwa ta danna kwamfuta, ta ɗauko na bakwai ta buɗe. Ta duba shafi-shafi. Gidajen Mai Wurno ne daga farko har ƙarshe. Babu Suki ko sau ɗaya.

Ta sake dubawa, ta duba na shida, ta duba na takwas. Sai maganar dattijon ta dawo mata.

Hajja ta ce, "Mi ya faru, ustaza? Fuskarki ta canza."

Najwa ta ce, "Ki ba ni kwana biyu, Hajja."

Ta rufe maktaba ta nemi takardar rabon kwalayen. Makarantu shida ne, kuma ba ta rubuta wane kwali ya je ina ba. Ta kira shugabannin makarantu biyu, babu wanda ya san maganar. Ta zauna kan kujera. Abinci ma ta kasa ci.

Washegari da safe ta gangara gonar Malam Bilyaminu. Ta tarar da shi cikin laka har gwiwa yana gyara magudanar ruwa. Ta yi sallama.

Ya wanke hannu ya ce, "Na Suki ake nema ko?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba, na ɓatar da su. Ka faɗa mini ban ji ba."

Bai tuna mata da kome ba. Ya ce, "Malam Mahmudu ya fara da Mai Wurno, guda goma sha huɗu. Da ya koma Suki ya sake farawa daga ɗaya, bai canza take ba. Sai ka buɗe ciki kake ganewa." Ya ɗan yi tunani. "Direban da ya kai kwalayen surukin ƙanena ne, Mato. Mu je gare shi."

Mato ya tuna da wani kwali mai littattafai shuɗɗa, amma bai tabbatar ko wace makaranta ba ce cikin biyu. Suka hau bayan motarsa. Hanya ta lalace da ruwa, sau biyu suna sauka ana tura mota. Makaranta ta farko babu kome. Najwa ta ƙirga kwanakin da suka rage wa Hajja.

A ta biyu, mai gadi ya buɗe musu wani ɗakin ajiya mai yoyo. Kwalin yana ƙasa, gefensa ya jiƙe, gara ta hau shi.

Najwa ta durƙusa tana ciro su ɗaya bayan ɗaya. Na bakwai yana sama, ya tsira. Ta buɗe ta ga sunan mahaifin Hajja Ruqayya, da shekarar, da sunan gonar. Ta rungume shi a ƙirji.

Malam Bilyaminu kuwa na ƙasan yake dubawa. Na uku da na tara sun zama gari. Ya ɗauki guntun bangon na tara ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Tsofaffin da suka ba da wanga labari duk sun rasu."

Jikar Hajja ta samu takardarta saura kwana ɗaya, ta tafi jami'a.

Najwa ta roƙi dattijon ya dawo. Suka zauna tare suka raba silsilar gida biyu a kwamfuta, ta Mai Wurno da ta Suki, kowace da sunan garinta a jikin take. Da suka iso na uku da na tara, ta rubuta cewa sun lalace, ta sa sunanta a matsayin wadda ta jawo.

Ya ce, "Ba dole ki sa sunanki ba."

Ta ce, "Dole ne, Baba. Kuma ranar Juma'a ina son ka raka ni Suki. Gidajen da labarinsu ke ciki, ni ya kamata in gaya musu da bakina."

Ranar Juma'a suka tafi. Gida goma sha ɗaya suka shiga. Wasu sun ce ba kome, Allah ya ƙaddara. Wani tsoho kuwa ya saurare ta har ta gama, ya tashi ya shiga ɗaki, bai sake fitowa ba.

Darasi: Abu biyu na iya kama da juna a bango, ciki kuma daban. Kafin ka goge aikin wanda ya riga ka, tambaye shi, ka kuma tsaya ka ji amsar har ƙarshe, ko da ka fi shi takarda. Wani kuskuren ana gyara shi, wani kuwa haƙuri kawai ake bayarwa. Ku tura wa duk wanda aka damƙa wa amanar abin da babu madadinsa.