Lakar Da Aka Shafa Wa Igiyar Baba

Akwai wani gida a unguwar New Bell, can cikin lungun da ruwa ke kwanciya in an yi sama, gidan Malam Badaru. A da atamfa yake sayarwa a kasuwar Marché Congo. Da ya gaji da hayaniyar kasuwa sai ya sayi 'yar gona a gaba da Bonabéri, mai kwakwar manja da ayaba.

Maƙwabcinsa a can wani dattijo ne, Papa Ndoumbe. Shi ya koya masa hawan kwakwa, shi ya saƙa masa igiyar hawa. Igiya ce mai kauri, mutum ya zagaya ta da bayansa da jikin bishiya, ya jingina da ita yana takawa har sama. Duk nauyin mai hawa a kanta yake.

'Ya'yan Malam Badaru biyu ne. Babban, Usaid, yana aiki a wani ofis a unguwar Akwa, kuma ba a gaya masa magana. Ƙaramar, Zulfa, 'yar lycée ce, wato sakandare, shiru-shiru. In aka daka mata tsawa sai ta ja da baya.

Wata Asabar Usaid ya ce zai bi mahaifinsu da Zulfa gona, ga mamakin kowa. Ashe sabuwar wuƙa ya saya, mai baƙin ƙota da kube na fata, bayanta da haƙora kamar zarto.

Baba ya kalle ta ya yi dariya. "Wannan fa? Zaki za ka yanka a ofis ɗin naku?"

"Baba, ba ka san kaya ba ne. Ba irin ta masu suya ba ce."

Suna isa gona Baba ya tafi gaida Papa Ndoumbe. Usaid ya miƙa wa Zulfa wayarsa ya ce ta ɗauke shi bidiyo. Ya sari rake, ya faɗi gida biyu. Ya sari jikin ayaba, ruwa ya tsarto. Ya yanka robar ruwa, ya fere reshe. Kowane sara sai ya juyo ya ce, "Kin ɗauka? Tu as vu ça, kin gani?"

Da abin yanka ya ƙare sai ya shiga bukka. Igiyar hawa na rataye a ƙusa.

"Yaya, ta Baba ce," in ji Zulfa a hankali.

"Na ce ta kakanki ce? Taɓawa kawai zan yi."

Ja ɗaya ya yi. Wuƙar ta shige kamar cikin sabulu, har tsakiyar igiyar.

Ya tsaya cak, dariyar ta ɗauke. Ya fizge wayar ya goge bidiyon. Sai ya fita ya dumbuzo laka a bakin rijiya, ya matse wurin yankan, ya shafe shi tas, ya shafa kaɗan a sauran jikin igiyar don kada wuri ɗaya ya fita daban. Ya mayar da ita ƙusa.

"C'est rien, ba komai ba ne. Abu mai kaurin nan ko mota zai ja. In kika buɗe bakin nan naki, wallahi ni da ke ne a gida."

Zulfa ta zauna a kan kututture. Ta yi ta addu'a a ranta, Allah sa yau Baba ba zai hau ba. In sun koma gida za ta gaya wa Inna, Inna ta san yadda za ta yi.

Rana ta ɗaga, lakar ta bushe. Baba ya dawo yana fara'a, ya ɗaga kai ya hango wani kan kwakwa ya nuna jawur a bishiya mafi tsawo.

"Kai, wannan in na bar shi tsuntsaye ne za su ci."

Ya ɗauko igiyar. Ya bi ta da hannu kamar yadda ya saba, ya ja ta da ƙarfi, ya duba ƙullin. Bai ga komai ba sai datti.

"Baba..."

"Na'am, uwata?"

Usaid na tsaye bayansa. Wuƙar kawai ya tura cikin kube, ta yi ƙara ƙas, idonsa a kanta.

"Ruwa... ko za ka sha ruwa?"

"In na sauko."

Ya hau. Zulfa na bin sa da ido. Ya kai sama lafiya, har ta fara sakin numfashi. Sai ya jingina baya sosai don ya samu sarar adda.

Ƙarar tsinkewar ba ta da yawa. Faɗuwar ce ba ta fita daga kunnenta har yau.

Bai mutu ba. A asibiti aka ce ƙashin bayansa ya karye, ƙafafun ba za su sake ɗaukarsa ba. Aka dawo da shi New Bell, aka shimfiɗa masa katifa a falo. Mutumin da ke kai kansa masallaci tun kafin ladan, yanzu sai an juya shi.

Duk wanda ya zo dubiya magana ɗaya yake ji. "Ndoumbe ne ya cuce ni. Ruɓaɓɓiyar igiya ya saƙa min, gonata yake so."

Usaid sai ya sunkuyar da kai, wani lokaci har ya ce, "Sai haƙuri, Baba." Zulfa kuwa abinci ya daina wuce mata. Ranar da abin ya faru, ana ta ihun neman mota, ta tsinci igiyar ta cusa a buhu. Tana ƙarƙashin gadonta.

Wata ranar Lahadi ana ruwa, Papa Ndoumbe ya sauka daga kan babur da kan ayaba a kafaɗa, wandonsa jiƙe har gwiwa. Inna ta shiga ta faɗa.

Baba ya ɗaga murya yadda tsohon zai ji. "Ku ce ya tafi! Ya zo ya ga ko na ƙarasa ne?"

Tsohon ya daɗe tsaye cikin ruwan. Ya ajiye ayabar a bakin ƙofa, ya goge fuskarsa da hula, ya juya.

Zulfa na kallonsa ta taga har ya sha kwana. Ta shiga ɗaki ta jawo buhun. Ta kai igiyar bakin famfo ta wanke lakar, ta shigo falo ta ɗora wa Baba a ƙirji. Ta tsaya a gabansa.

Baba ya shafa bakin tsinkewar da yatsa. Rabi ya yi buzu-buzu kamar tsintsiya. Ɗaya rabin sumul, a miƙe.

"Wannan wuƙa ce," ya ce. "Waye?"

"Yaya ne." Muryar ta fito 'yar ƙarama, amma ta fito. "Yana gwada sabuwar. Ya shafe da laka."

Usaid ya zube a ƙasa. "Baba, wallahi kuskure ne! Ban zaci za ta shiga haka ba!"

"Na yarda kuskure ne. Da ka bar ta a yanke, da na gani, da na zage ka, da Ndoumbe ya saƙa min wata kafin la'asar. Ba wuƙarka ce ta karya ni ba, Usaid. Lakar ce."

Baba ya juyo da kai wajen Zulfa.

"Ke kina wurin?"

"Ina wurin, Baba."

"Shi ne kika ce in sha ruwa."

Ya dubi Usaid ya ce, "Tashi ka bi tsohon nan. Ko a ƙafa ne ka dawo min da shi." Usaid ya fita cikin ruwan ba takalmi. Baba ya juya fuskarsa bango.

Yanzu duk Juma'a 'yan unguwa na ganin Usaid goye da mahaifinsa a lungun nan, don keken guragu ba ya iya wuce taɓon. Zulfa ce ke ba Baba ruwa da cokali in ya ƙware. Ya ce ya yafe musu, har yanzu uwata yake kiranta. Ita ce dai duk sanda ta ɗauki kofin sai ta tuna ruwan da ta yi masa tayi a gona.

Darasi: In ka yi ɓarna, faɗa tun tana ƙarama, faɗan da kake gudu ba ya karya baya. In kuma ka ga an ɓoye abin da zai cutar da wani, yi magana ko muryarka na rawa. Don Allah ku tura wa 'yan uwa da ƙawaye, wataƙila akwai wanda ke riƙe da magana a bakinsa yanzu haka.