Shaidu Uku a Cikin Kwalba

An ce wani sarki yana da bikilin doki mai suna Ɗan Tsawa, wanda shekara huɗu ba a taɓa tsere masa a fagen sukuwa ba. Don tsananin ƙauna, sarki ya gina masa soro marar taga kada iska ta buge shi, ya sa ana ƙona turaren wuta safe da yamma, aka jibge masa harawar bara har rufi. A soron nan ya ɗaure wata tsohuwar goɗiyarsa, wadda shi kaɗai yake ba ta abinci da hannunsa.

A shekara ta biyar, dab da ƙarshen fage, Ɗan Tsawa ya yi tari ya sassauta, dawaki uku suka wuce shi. Fadawa suka ce Shamaki Tankari, mai kula da dawakin sarki, wanda ya hau shi, da gangan ya ja linzami. Sarki ya yanke hukunci: jibi a sare hannun da ya ja.

Kashegari wani tsohon wanzami mai suna Barmo ya faɗi gaban sarki ya yi gaisuwa.

Sarki ya ce, "Tsoho, in ceto ka zo, ka makara."

Barmo ya ce, "Ya sarki, shaidu na kawo, su uku. Ba su da baki, ba su kuma san Tankari ba balle su so shi."

"Marar baki da me zai yi shaida?"

"Da zama shiru, Allah ya ja zamaninka."

Sarki ya yarda. Barmo ya tsaga jijiyar wuyan Ɗan Tsawa, ya tari jini a siririyar kwalba. Ya tari na wani doki da ke ɗaure a fili, sannan na goɗiyar. Ya jera kwalaben a inuwa, aka zauna.

Kafin inuwa ta matsa taki biyu, jan jinin Ɗan Tsawa ya zube ƙasa da sauri, wani abu rawaya mai kauri ya taru a sama kamar daskararren man shanu. Na dokin fili yana sauka a hankali, rawayarsa siririya.

Barmo ya ce, "Ya sarki, in ƙirji yana kumbure a ɓoye, jini ne ke fallasa shi. Dokinka numfashi ya rasa. Linzami ba ya kaurara jini."

Sarki ya ce, "To, Tankari ya ba shi wani abu ya ci!"

Barmo ya ce, "A dubi kwalba ta uku."

Kwalbar goɗiya ta yi daidai da ta Ɗan Tsawa, har ta fi.

"Wa ke ba ta abinci, ya sarki? Wa ya zaɓa musu ɗaki? Hayaƙi ɗaya suke shaƙa, da ƙurar harawa ɗaya."

Sarki ya daɗe yana duban tafin hannunsa, sannan ya ce, "Ku kwance Tankari. A fasa soron."

Aka fitar da dawakin biyu zuwa fili, ana yayyafa wa harawa ruwa kafin a ba su. Goɗiyar dai ta tsufa, ba ta kai damina ba, sarki ya tsaya da kansa aka rufe ta. Amma bayan wata uku Barmo ya sake tarar jinin Ɗan Tsawa, jinin ya sauka a hankali kamar na dokin fili.

Ranar sukuwa Tankari ya hau. Da hannun nan da aka so sarewa ya saki linzami, Ɗan Tsawa ya bar na biyu da tsawon igiya goma. Gari ya kaure da guɗa. Tankari ya sauko yana dariya da hawaye, ya ɗaga hannu ya ce, "Baba Barmo, ga shi nan, har yau nawa ne!"

Sarki ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa tsohon, ya ce, "Ku rubuta a ƙofar fada: mai hukunci ya fara duban hannunsa kafin ya nemi na wani."