Ɓauren Nomau da Kwaɗinsa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da tuni aka manta sunansa. Shi mutumin, Nomau ake ce masa. Ku saurara, don na gaji da maimaita magana ɗaya duk Juma'a.

Gonarsa tana bakin rafi, da wani tsohon ɓaure da rassansa suka sunkuya kan ruwa. A ganyen ɓauren nan akwai wasu 'yan kwaɗi kore, ba su wuce babban yatsa ba. Ba a ƙasa suke zama ba, a bisa suke, suna manne da ganye. In damina ta faɗi, sai uwar ta yi kumfa fari a reshen da ke saitin ruwa, ta zuba ƙwai a ciki. In sun ƙyanƙyashe, sai 'ya'yan su faɗo ruwa. In babu reshen, babu su.

Wata shekara Sarkin Noma ya ce a sare duk itacen bakin rafi, a dasa rake. Kowa ya sare. Nomau ya ɗauko gatari, ya ga kumfan nan a reshe, ya tsaya.

Sarkin Noma ya ce, "Malam Nomau, saura kai."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai masu gida a kai."

"Kwaɗi?"

"Kwaɗi. Ban halicce su ba, ba zan tashe su ba."

"To, su yi maka gayya."

Kun san abin da wannan ke nufi. An cire shi daga gayya. Tsoho mai ciwon baya, shi kaɗai da fartanya, sai matarsa. Rabin gonar ciyawa ta cinye. Sun ci yunwa a shekarar, yunwa ta gaske, kuma ya ji zafin abin. In ya wuce, a ce ga Sarkin Kwaɗi nan.

Da bazara ta yi tsanani, rafin ya ƙafe duk inda aka sare, har ƙasa ta tsage. Ruwa bai rage ko'ina ba sai ƙarƙashin inuwar ɓauren Nomau. Sai ga garin gaba ɗaya da tuluna, har matan Sarkin Noma. Bai hana kowa ba, bai tuna wa kowa komai ba. Abin da ya ce kawai: "Ku ɗiba, amma kada ku karya reshe."

Jama'a, tausayin ƙaramar halitta ibada ne, kuma wanda ya bar mata gidanta, nasa ya tsare. Ni na tsufa, muryata ta dushe. Rafin da ke bayan masallacin nan, a ciki na koyi iyo. Yau leda ce da toka, itatuwan duk mun mai da su gawayi. Ku faɗa mini tsakani da Allah, damina nawa ke nan rabonku da jin kukan kwaɗo a wurin?

Allah Ya sa mu gane. Ku tashi mu yi salla.