Bokiti a Ɗakin Inna

Akwai wani mutum a garin Upper Marlboro na ƙasar Amurka, sunansa Fatihu. Ya sayi gida mai bene, ya ɗauko mahaifiyarsa, Inna Ladi, daga Zariya, ya ba ta ɗakin sama.

Da sanyi ya tsananta, ƙanƙara ta daskare a bakin rufin ta tare hanyar ruwa. Duk dusar ƙanƙarar da ta narke sai ta rasa mafita, ta koma ciki. Silin ɗakin Inna ya fara ɗiga.

Fatihu ya kira Longji, ɗan Filato mai gyaran rufi. Longji ya hau ya duba, ya ce:

"Alhaji, gobe mu narkar da ƙanƙarar da tururi, mu shimfiɗa tamfol kafin a yi babban gyara."

"Tamfol? Ran Asabar nake walimar gidan nan. Baƙi su zo su tarar da shuɗiyar leda a kaina kamar rumfar mai tumatir? Ku dawo bayan biki."

"Wa ke kwana a ɗakin?"

"Inna ce. Kuma ba ta ce komai ba."

Ku ji fa. Ba ta ce komai ba. Fatihu ɗan fari ne, ko sunansa Inna ba ta faɗa saboda kunya. Ita ce za ta buɗe baki ta kai masa kuka? Ya san haka sarai. Ya sa mata bokiti ya sauko abinsa.

Tsohuwar nan ta ja katifa lungu. Ita ke zubar da bokitin in ya cika. Ɗakin ya jiƙe, ya yi sanyi, tari ya kama ta. In Fatihu ya gaishe ta daga bakin ƙofa, sai ta ce lafiya lau.

Ran walima ƙanwarsa Umaima ta zo daga Hyattsville, ta hau gaishe da Inna. Ta same ta cikin jiƙaƙƙen bargo, jiki zafi rau, numfashi da ƙyar. Ta riƙo ta suka sauko ta tsakiyar baƙi.

"Yaya, a nan ka ajiye ta?"

"Umaima, rufa min asiri, mutane na kallo."

"Su kalla. Ai don su ka yi."

Aka kai Inna asibiti, daga can ta wuce gidan hayar Umaima. Longji ya zo ya gyara rufin tsaf. Fatihu ya je ya durƙusa ya roƙi Inna ta dawo. Ba ta dube shi ba. Ta juya ga Umaima ta ce:

"Gaya wa yayanki na yafe masa. Amma nan zan zauna."

Darasi: Shirun uwa ba yarda ba ne. Wanda ya ji kunyar baƙi fiye da ciwon mahaifiyarsa ya yi asara, ko da an yafe masa. Ku tura wa 'ya'yanku wannan labari, su tashi su leƙa ɗakin iyayensu yau.