Janareton da Faiek Ya Kulle a Tanti

Akwai wani mutum a unguwarmu ta Grassy Park, nan Cape Town, sunansa Faiek Galant. Mai gyaran jikin mota ne, kuma Allah ya sa masa albarka a hannu. Ba mugu ba ne, kada ku ce na ce. Mutum ne mai kyauta, mai son mahaifiyarsa kamar ransa. Ciwonsa ɗaya ne: ba ya ƙaunar a ce wani ya fi shi, ko da a tsawon igiyar shanya ne.

Duk Disamba danginsu sukan ja karaban ɗinsu, ɗakunan nan masu taya, su tafi sansanin bakin teku su yi hutun ƙarshen shekara, wanda a ƙasar nan lokacin zafi ne. Kowane gida da filinsa da aka san shi da shi. Na Faiek a layin gaba yake, yana kallon ruwa, tun marigayi babansu yake kafa tanti a wurin. Layin babu wutar lantarki, kowa da dabararsa.

A shekarar da nake ba ku labari, jikin mahaifiyarsu, Mama Galiema, ya yi rauni ƙwarai. Ƙafafu sun kumbura, zafi kaɗan sai numfashi ya dinga yi mata wuya. Amma ta kafe sai ta je.

Wata Lahadi suna shan shayi da koesister, wani irin fanke mai zaƙi, a gidanta, sai yayarsa Gouwa ta tayar da maganar.

"Faiek, ka sa sola a karaban ɗinka mana. Mu tun da muka sa, fanka na juyawa, firij na sanyi. Ba ƙara, ba wari, ba yawon neman fetur."

Faiek ya yi dariya har da buga cinya. "Sola? Yaya, abin nan naku da gajimare ɗaya zai gifta ya suma? Zai ja esi?"

"Ba zai ja ba. Amma wa ya ce maka Mama esi take nema?"

"Ni na ce. Uwata ba za ta kwanta tana jiran rana ta ga dama ba. Janareto zan saya, babba, in danna esi ya tashi."

Mama ta ajiye kofinta. "Ni dai ku kai ni in ga teku. Ko mafici kuka ba ni zan yi fifita."

Ba wanda ya saurare ta.

A gaskiya kowanne da amfaninsa. Janareto yana da ƙarfi, amma da ƙara da hayaƙi yake tafe. Sola shiru ce, sai dai tana son mai haƙuri, wanda zai yarda da fanka a maimakon esi. To amma ba wannan lissafin ne a ran Faiek ba. Bara, Mama a karaban ɗin Gouwa take barcin rana saboda fanka, har wata wadda bakinta ba shi da linzami ta ce ashe 'ya mace ce ke riƙe da tsohuwa. Maganar nan shekara guda tana cin sa.

Ya sayi janareto ja, sabo fil. Ya kafa esi a rufin karaban.

Ranar da suka sauka a sansani ya ajiye injin a fili, inda kowa zai gani, ya ja igiya. Kai, injin nan akwai murya. Maƙwabta suka fara leƙowa daga tantunansu da ɗaurarriyar fuska. Faiek kuwa ya tsaya ya riƙe ƙugu, sai ka ce shi ya ƙera shi.

Mama ta shiga ciki, sanyi ya ratsa ta, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Faiek ya waiwaya don ya tabbata Gouwa ta ji.

Ba a jima ba sai ga mai kula da sansanin, Baba Jantjies, dattijo mai tafiya a hankali.

"Maigida, ka san dokar wurin nan. Daga azahar zuwa la'asar ba a kunna inji. Lokacin hutun mutane ne, ga masu jarirai."

"Baba, lokacin ne fa zafi ya fi tsanani. Saboda tsohuwa na saya."

"Na sani. Amma in na bar ka, gobe mutum goma za su kunna."

Faiek ya kashe. Dattijon na ba da baya ya sake kunnawa. Washegari ma haka. Sai Baba Jantjies ya dawo, wannan karon ba fara'a.

"Babanka mutumin kirki ne, shi ya sa nake ta haƙuri. In aka sake kawo mini ƙararka, filin nan ya bar hannunku. Akwai masu jiransa da yawa."

Da yamma Gouwa ta same shi yana wanke kifi.

"Abu mai sauƙi ne, Faiek. Da rana Mama ta zo wajena ta kwanta a fanka, in an yi la'asar ta dawo wajenka. Ka tsira da filin babanmu, ita ma ta huta."

"Wato a sake cewa na kasa."

"Wa zai ce?"

"Ke dai bari, Yaya. Uwata a ɗakina za ta kwanta."

Ya ƙi sakin filin, ya ƙi sakin esi, ya ƙi sakin Mama. Sai ya zauna ya ƙulla dabara.

Kowane karaban yana da tantin tamfol da ake ɗaura masa a gefe, ta cikinsa ake bi a shiga ƙofa. Faiek ya ɗauke janareton daga fili ya shigar da shi cikin tantin nan. Ya jingina katifun yara ya kewaye shi. Ya zuge kowane zif, har ƙasan tamfol ya danne da yashi don kada ƙara ta fita. Da ya kunna ya fito ya saurara, sai ɗan gunji kawai, wanda iska da igiyar ruwa suka shanye.

Daɗi ya kama shi. A ransa ya ce ya fi su wayo gaba ɗaya.

Ranar farko bai bar injin ya daɗe yana aiki ba. Da Mama ta tashi sai ta ce kanta na sarawa, zuciyarta na tashi.

Gouwa ta dube shi. "Ba ka kunna injin nan ba dai?"

"Ina? Batir na aro wajen wani abokina, shi ke jan esin. Ciwon kan nan zafi ne, gobe zan ƙara mata sanyi."

Gouwa ta bar maganar. Ba ta san kan batir sosai ba, mijinta ne ya haɗa nasu, shi kuwa aiki ya riƙe shi a gari. Kuma ba ta taɓa zaton ƙaninta zai yi mata ƙarya a kan uwarsu ba.

Washegari aka tashi da zafi mai tsanani, ko ganye ba ya motsi. Bayan sallar azahar matar Faiek ta kwashi yara suka tafi wanka a bakin ruwa. Faiek ya kwantar da Mama, ya gyara mata matashi, ya ajiye mata ruwa a gefe.

"Kada ka rufe mini ƙofar nan gam," in ji ta. "Ba na son in ji kamar a akwati nake."

Ya bar ƙofar karaban a ɗan buɗe, tana kallon cikin tanti. Ya cika tankin inji da fetur, ya tayar da shi, ya fito ya zuge zif. Sannan ya ɗauko ƙaramin kwaɗo ya datse.

A sansanin nan kwaɗo a jikin zif ba abin mamaki ba ne. Gwaggon birai sukan sauko daga dutse, sun iya zuge tanti kamar mutane, kowa kulle nasa yake yi. Amma Faiek ba don biri ya kulle ba, don Baba Jantjies ne.

Ya tafi ƙarƙashin bishiya inda maza ke buga domino. Ranar kuwa hannunsa ya yi kyau, sai ci yake yi yana buga tebur.

Wani ya tsokane shi. "Yau ina amaryar taka ja? Ba mu ji muryarta ba."

"Na koya mata ladabi," in ji Faiek. Aka kwashe da dariya.

Ana cikin haka sai ga Gouwa da kwano a hannu.

"Faiek, ba ni makulli. Na yanka wa Mama kankana, na je na tarar ka kulle."

"Barci take yi, Yaya."

"Na kira ta ba ta amsa ba. Kuma ina jin wani gunji a ciki."

Gabansa ya faɗi, amma ba don Mama ba. Baba Jantjies na tsaye kusa da su yana kallon wasa. In aka zuge zif ɗin nan yanzu, ƙara za ta fito, filin babansu ya tafi, ƙaryarsa ta tonu a gaban maza.

"Esi ne ke gunji. Haba Yaya, tsohuwa ta samu sanyi tana barci, sai kin tashe ta? Ko kishin solarki ne ya motsa?"

Maza suka sake dariya. Gouwa ta tsaya da kwanonta, ta dube shi, ta dube su. Kunya ta kama ta, ta juya ta koma.

Faiek ya ci gaba da wasa har aka kira la'asar.

Da ya isa tantin ya tarar injin ya mutu da kansa. Yana zuge zif wani zafi da warin fetur suka buge shi, kansa ya juya. Ya dafa katifa ya shiga ciki.

Mama na kwance yadda ya bar ta, hannunta ɗaya a ƙarƙashin kunci.

"Mama, an kira sallah."

Ya taɓa ƙafarta. Ya girgiza kafaɗarta. Ya sake kira, ya sake kira, har muryarsa ta koma ta ƙaramin yaro. Ihunsa ne ya tara mutane. Gouwa ce ta fara isowa, ta ga katifu a jingine, ta ga jan injin a tsakiyarsu. Ta wuce shi ta rungumi uwarta.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

A asibitin garin da ke kusa likita ya zaunar da su ya yi musu bayani. Ya ce hayaƙin inji yana ɗauke da wata guba da ba a gani, ba a jin warinta. In ta taru a rufaffen wuri sai ta shiga jini ta kori iskar numfashi, mai barci ya zarce bai sani ba. Ya ce ciwon kan jiya ita ce ta fara aiki. Ya ce alamarta a jikin mamaci ita ce leɓe da kumatu su yi ja.

Faiek ya ce, "Da an buɗe da wuri fa?"

Likitan ya dube shi, ya ce, "Wannan Allah ne ya sani."

Hukuma ta riƙe gawar don bincike. Mu da muke rufe namu kafin rana ta faɗi, sai da Mama Galiema ta kwana a firijin asibiti kafin a ba da ita.

Da aka kawo ta gida mata suka shiga yi mata wanka. Faiek na zaune a baranda, ba ya iya ɗaga ido. Kowa ya san abin da ya faru, ban da wata ƙanwar kakarsu, tsohuwa tukuf mai nauyin kunne, wadda aka ɓoye mata. Ita ce ta fito daga ɗakin wankan tana dogara sanda, ta nufo shi ta kama hannunsa biyu.

"Ɗana, ka daina kuka. Na wanke gawa da yawa a rayuwata, ban taɓa ganin fuska irin ta uwarka ba. Kumatu jajir, leɓe jajir, sai ka ce amarya. An ce mini a ɗakinka ta cika, cikin sanyi, kai ka kwantar da ita da hannunka. Ka kula da ita har ƙarshe. Allah ya ba ka 'ya'yan da za su yi maka yadda ka yi mata."

Ta tsaya tana jiran ya ce amin.

Gouwa na bakin ƙofa tana ji. Ba ta gyara wa tsohuwar magana ba. Faiek ya dubi yayarsa ko za ta ce wani abu, ko zagi ne, ko mari. Ta kawar da kai ta koma ciki.

Tsohuwar ta matse hannunsa. "Ka ce amin mana, ɗana."

Ya kasa.

Darasi: Duk abin da sai ka yi ƙarya ka kulle ƙofa kafin ka yi shi, tsaya ka sake tunani. Hidimar da ake yi don a gani takan cutar da wanda ake yi dominsa, kuma karɓar shawarar ɗan'uwa ba faɗuwa ba ce. Wanda ƙarfinsa ya kai sola ya yi haƙuri da ita. Wanda ya zaɓi janareto ya ajiye shi a fili, nesa da ƙofa da taga, kada ya taɓa kunna shi a tanti, ko shago, ko ɗaki, ko lungun gida, komai tsoron ɓarawo ko surutun maƙwabta. Ku tura labarin nan ga duk wanda kuka sani yana da inji, wataƙila ran wani ne za ku ceta.