Lallen da Ya Shiga Cikin Kabewa

Dalilin da ya sa tafin hannun mai yawan cin kabewa ko karas yake komawa ruwan ɗorawa, ku matso ku ji, yara. Ku daina murza hannuwan nan, ba datti ba ne.

A da can, cikin kabewa fari ne fat kamar rogo. A lokacin an yi wani manomi, Nomau, da matarsa Tabawa, mai son ƙunshi. Wata safiya ta kwaɓa lalle a ƙoƙo, ta ce bari ta ɗan kishingiɗa kafin ya tsumu. Ba ta tashi ba.

Bayan an kai ta, goggonsa Kande ta ce, "Ɗan nan, abin da mamaci ya fara bai gama ba, ba a ajiye shi a gida. Kai ƙoƙon nan rafi ka zubar."

Ya ce to. Amma da ya duba, ga shatin yatsun Tabawa a cikin lallen. Ya kasa. Ya zaga bayan ɗaki ya binne shi a gindin kabewar da ta shuka.

Kabewa ta hau jinka ta yi 'ya'ya. Da ya fasa ta farko, sai ya ga cikinta ya rine, kalar lalle in ya fara koɗewa. Ya dafa ya ci. Washegari ma ya ci. Ya bar tuwo, ya bar fura, sai ita kaɗai. Tafin hannunsa ya sauya, tafin ƙafarsa ma, daidai inda mata suke ƙunshi. Hannun kuma ya fara abin da bai taɓa koya ba. Yakan tsince tsakuwa a gero, yakan naɗe tabarma ta gefen da Tabawa take naɗewa.

Wata rana da tsakar rana, gari tsit, ko kaza ba ta motsi, hannun ya ɗago da kansa ya shafa masa kunci. Sanyi ƙalau.

"Maigida," in ji wata murya daga ganyen kabewar. "Kai ne ka riƙe ni. Waɗanda muka bar duniya tare duk sun wuce, ni ina nan tsaye a bakin hanya."

 Nomau ya ce, "In na sake ki, me zai rage mini?"

"Ka raba irin. In kowa ya ɗauki kaɗan, ba wanda zai iya tsayar da ni."

Nomau ya shanya irin, ya bi gida gida yana rabawa. Goggo ma ta karɓi nata. Wasu suka shuka a fadama kusa da karas, launin ya bi ƙasa ya shige shi. Shi kuwa ya koma cin tuwo. Rinin ya riƙa janyewa daga yatsunsa zuwa tsakiyar tafi, yana kallo, har ɗigon ƙarshe ya ɓace.

Shi ya sa har yau duk wanda ya yawaita cin su, lallen Tabawa yakan leƙo a hannunsa, ba zafi ba ciwo. In ya rage ci, sai ya koɗe a hankali. Idan kuka ga naku ya fara koɗewa, ku ƙyale shi. Tafiya take yi.