Makaniken da Ya Lalata Birki

Neville Garbutt makanike ne a garinmu, wani ɗan ƙaramin gari na masunta a gaɓar tekun Yorkshire. Shekara goma sha tara muna aiki tare a garejinsa, ban taɓa ganin mai hannu irin nasa ba. Da jin ƙarar inji zai gaya maka abin da ke damunsa. Amma yana da hali guda da ya ɓata shi: ba ya yafiya. In ka taka shi ba zai yi maka faɗa ba. Murmushi zai yi, ya ajiye abin a ransa, ya jira.

Matarsa Maureen tana aiki a kantin magani. 'Ya ɗaya suka haifa, Bethan, wadda ta cika shekara goma sha bakwai a lokacin. Neville yana son yarinyar nan kamar ransa. Shi da kansa ya kai ta koyon tuƙi wurin Alistair Crowe, wani malamin mota mai fara'a da daɗin baki, wanda ya daɗe yana kawo mana motarsa gyara.

Wata Laraba Neville ya fita gwada motar da ya gyara. A bayan gari, inda mutane ke tsayawa kallon teku, ya hango jar motar Alistair. Maureen na ciki, ta ɗora kai a kafaɗarsa.

Ya dawo gareji ya zauna a kan tsohuwar taya. Na haɗa masa shayi, ya riƙe kofin har shayin ya huce, sannan ya ba ni labari.

Na ce, "Neville, wannan abu da ciwo. Je gida ka tunkare ta. In zaman ya ƙare, ku rabu, kowa ya kama gabansa."

Ya ce, "In rabu da ita in bar masa? Su riƙa wuce ni a titi suna dariya? Haba Len, kamar ba ka san ni ba."

"Don na san ka nake jin tsoro."

Ya yi wannan murmushin nasa, ya koma ƙarƙashin mota.

Bai ce wa Maureen komai ba. Bethan kawai ya kira ya ce ta daina zuwa koyon tuƙi.

Ta ce, "Baba, saura mako biyu a yi mini gwaji fa! Me na yi?"

"Ba ki yi komai ba. Na dai ce ki bari."

Bai faɗa mata dalili ba, don girman kai ya hana shi. Ita kuwa ta ɗauka rigimarsa ce ta yau da kullum, ta ci gaba da zuwa a ɓoye.

Ranar Juma'a Alistair ya kawo motarsa binciken shekara, kamar yadda ya saba. Neville ya tarbe shi da fara'a, har da tambayar lafiyar mahaifiyarsa. Da azahar ya ce in je in sayo mana kifi da soyayyen dankali, aiken da bai taɓa yi mini ba. Da na dawo na tarar ya sauke motar daga kan jak, yana wanke hannu, yana fito da baki. Gabana ya faɗi, amma na yi shiru. Har yau shirun nan yana damuna.

Washegari da hantsi Bethan ce riƙe da sitiyarin jar motar. Suka biyo dogon gangaren da ke sauka tashar jiragen ruwa. Ta taka birki, wayam. Alistair ya taka nasa na gefen malami, shi ma wayam. Motar ta kwasa da su har ta daki katangar dutse.

Muna gareji Maureen ta bugo waya. Ina jin ihunta daga inda nake tsaye. Neville ya ce, "Wace Bethan? Ai na hana ta!" Wayar ta suɓuce daga hannunsa.

Alistair hannu kawai ya karye. Bethan kuwa ƙashin bayanta ne ya taɓu. A asibiti likita ya fito ya ce za ta rayu, amma ba za ta sake takawa ba. Nan Neville ya zube a ƙasa, a gaban 'yan sanda biyu da suka zo ɗaukar bayani.

Ya ce, "Ba sai kun binciki motar ba. Ni ne. Ni na taɓa birkin."

Maureen ta cakume rigarsa tana dukansa. "Ni na ci amanarka, Neville! Ni! Me ya sa ba ka kashe ni ba?"

Alƙali ya yanke masa shekara goma sha shida. An rufe garejin. Alistair ya bar garin tun kafin a gama shari'a, bai ko yi wa Maureen sallama ba. Da aka sallami Bethan a keken guragu, gidan gwaggonta a Leeds ta nufa. Ba ta magana da uwar, ba ta magana da uban.

Duk wata nakan ziyarce shi a kurkuku. Ya rame, gashinsa ya yi fari fat. Tambaya ɗaya yake yi mini: "Ta karanta wasiƙata?" Ban taɓa yi masa ƙarya ba. Ni nake aika mata wasiƙun, kuma gidana suke dawowa, ko buɗe su ba a yi.

Darasin wannan labari a fili yake. Cin amanar aure laifi ne mai rusa gida, kuma an cuci Neville da gaske. Amma ciwon da aka ji maka bai ba ka ikon ɗaukar doka a hannunka ba. In kishi ya cika maka zuciya, ka buɗe baki ka yi magana, ka nemi shawara, ko ka tafi da mutuncinka. Mai shirya ramuwa yana zaɓen wanda yake so ya cutar, amma ba shi ke zaɓen wanda cutar za ta faɗa wa ba. Kai kuma da ka ga abokinka ya kama hanyar ɓarna, kada ka yi shiru irin nawa.